Rasuwar Gwaggo Mai Tari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda har yanzu ba a samu mai taya shi ɗauka ba ko a cikin gidansa, wani tsohon shugaban makaranta yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa mai shan fetur, wadda 'ya'yansa suka raɗa wa suna Gwaggo Mai Tari. Ta cika da hantsi, a gindin bishiyar ƙofar gida, bayan gajeriyar jinya da dogon wulaƙanci.

Marigayiya ta shigo gidan tun babbar 'yar maigidan tana goye, ba ta bar shi ba sai da 'yar ta yi nata goyon. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauki katifa a ka ba ta taɓa cewa wuyanta ya ƙage ba. Ba ta da girman kai: ranar da ta ƙi tashi, duk wanda ya sa mata hannu a baya, attajiri ko ɗan dako, tana karɓar turinsa da godiya. Aibinta ɗaya, duk inda ta kwana sai ta ɗigar da baƙin mai, shi ya sa maigidan ba ya murza makulli sai ya buɗe bonet ya zaro sandar awon mai ya duba.

Amma abin da za a fi tunawa da ita shi ne murya. Da safe takan fara da "kir-kir-kir", ta yi "tuf, tuf" kamar dattijuwa mai gyaran maƙogwaro, sannan ta saki "gurrrum" ɗin da ke tashin tattabarun maƙwabta. Salansarta ta daɗe da fashewa, maigidan kuwa ya ƙi gyarawa, domin a ganinsa mota marar amo kamar shugaba ne marar kwarjini. Tun daga kwanar mai sayar da magani muryarta ke riga shi isa gida. Kuma kullum idan ya shiga, sai ya tarar an kashe rediyo, an jera takalma, yara sun dulmuya cikin littattafai, maiɗakinsa na tsaye da kofin ruwa. Ya ɗauka tarbiyyarsa ce ta yi wannan aiki. Har misali yakan buga da gidansa a gaban ƙananan malamai, Allah ya yafe masa.

Masana sun daɗe suna jayayya kan shekarar da motocin lantarki za su kori na fetur daga titi. Wasu na cewa an kusa, wasu na cewa sai jikoki. Maigidan yakan karanta, ya goyi bayan masu cewa sai jikoki, ya shafa sitiyarin Gwaggo ya kwantar mata da hankali. Bai san a gidansa ba a jiran masana ba. Wata safiya babbar 'yarsa ta shigo da wata motar lantarki fara sol, ta miƙa masa makulli tana cewa, "Baba, wannan ba tari ba hayaƙi. Ka jona ta a bango kamar waya, ka je ka huta." A ranar aka fitar da Gwaggo daga gareji, shi kuwa bai hana ba, don kujerar baƙuwar ta yi wa bayansa daɗi.

Ciwon ajali ya samo asali ne ranar da ya dawo daga wurin aski a cikin sabuwar. Ta sulale ta shige gida kamar kyanwa, ba wanda ya ji. Da ya isa ƙofar falo sai ya ga maiɗakinsa, tabaransa na karatu a kan karan hancinta, hannu ɗaya a baya, tana goga yatsa a kan tebur tana neman ƙura. Ta yi gyaran murya irin tasa, ta ce, "Uhum! Wane ne ya yi numfashi a ɗakin nan ba da izinina ba?" 'Ya'ya da jikoki suna ta birgima, har da mai share hawaye. Tsawon zamansu bai taɓa jin wannan dariya ba, bai ma san matar tana da irin wannan baiwa ba. Da aka gan shi, ɗakin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. A nan ya gane cewa natsuwar da yake taƙama da ita ba aikinsa ba ce. Gwaggo ce ke rigayarsa ta yi wa mutanen gida gargaɗi.

Washegari ya ƙudura sai ya maido da mai yi masa shela. Ya nufi gindin bishiya a fusace, kuma shi da bai taɓa tsallake awon mai ba, ranar bai ko kalli bonet ba. Ashe duk makonnin da ta yi a yashe, man yana ta tsiyaya cikin ƙasa. Ya murza makulli, ya take totur iya ƙarfinsa don gida ya ji. Marigayiya, da biyayyar da aka san ta da ita, ta yi tari, ta yi ruri na ƙarshe, sannan ta ce "ƙwal-ƙwal-ƙwal, ƙas." Bakanikenta ya zo ya leƙa, ya cire hula, ya ce, "Malam, inji ya buga. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ƙishirwa ce."

Yana nan zaune a cikin gawar, riƙe da sitiyari, maiɗakinsa ta fito ta jingina da tagar. Ta ce, "Malam, in so kake mu riƙa jin zuwanka, sabuwar ma tana da hon. Ka danna daga kwana, mu gyara fuska kamar da. In kuma ba ka danna ba, ai akwai kujera a falon."

Marigayiya ta bar bakanikenta, wanda ya zagaya sabuwar motar bai ga fulogi ko lagireto ba, ya tambaya ko a koya masa ɗinki. Ta bar mai gidan man da ya san ta da suna, da maƙwabtan da ta gina wa ƙwanji, da baƙin tabo a gindin bishiya wanda ruwan sama ya kasa wankewa. Ta kuma bar magajiyarta a gareji, wadda har yau ba ta buɗe baki ta yi gaisuwa ba.

Za a yi rakiyarta ranar Asabar da safe. Ana roƙon maƙwabta su yi mata turin ƙarshe zuwa bakin titi, inda janwe zai ɗauke ta zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe. Maigidan zai riƙe makullin. Za a karɓi gaisuwa a falo, kuma duk wanda ya ji dariya na tashi daga gidan makoki, kada ya zargi iyalin da rashin kara. Tun ranar rasuwar, mai makokin yana wuce kwanar mai magani ba tare da ya danna hon ba. Ya zauna a kujerar, ya kalli kwaikwayon daga farko har ƙarshe. Gyara ɗaya kawai ya yi, cewa gyaran muryar bai kai nasa kauri ba. Da ya tashi ya nuna yadda ake yi, maiɗakinsa ta yi ta dariya har sai da aka kawo mata ruwa.