Wandon Dai Ya Tsira

Wata shekara kafin mulkin kai auduga ta yi kyau a Daudawa, samari suka sayi kekuna, suka shirya tsere zuwa Faskari ranar kasuwa. Da yake na riga su fara hawa, sai na naɗa kaina malaminsu, ba wanda ya roƙe ni.

Na tara su gindin tsamiya ina ta zuba ilimi. Na ce, "A gangara kada a damƙe birkin gaba. In an ga yashi a sassauta. Uwa uba, kowa ya ɗaure ƙafar wandonsa, don sarƙar keke ba ta san ɗan gidan kowa ba."

Taubashina Sule ya ce, "To Malam, gwada mu gani mana."

Na ɗaure ƙafafun wando tamau da igiyar rama, na haye, na taka da ƙarfi. Ranar kuwa na ci ado da babbar rigata ta angonci, saboda surukina yana cikin 'yan kallo. Iska ta cika ta, na ji ni kamar shaho. Ina shiga gangara, gefen rigar ya naɗe cikin tayar baya. Keke ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Cikin gonar gyaɗa na sauka, riga ta rabe biyu.

Surukina ya kau da kai, kafaɗunsa suna rawa. Sule ya duba ni sama da ƙasa ya ce, "Sannu Malam. Wandon dai ya tsira."

Har yau in na sa babbar riga, kafin a tambayi iyalina sai an tambayi lafiyar wando.