Gonar Gwajin Mushe Siyantifik

Wanda bai ga Injiniya Muhsinu yana sauka daga motar proje, wato shirin raya noma, a bakin kogin Komadugu ba, bai taɓa ganin ilimi yana taka ƙasa ba. Ƙafar dama ke fara fitowa, sai jaka, sai tumbi, daga baya shi kansa. Alƙalami uku a aljihun gaba, tabarau ɗaya a hanci, ɗaya a rataye a wuya. Mako shida ya yi a Turai wajen wani kwas, ya dawo Diffa da kwali mai hatimin zinariya da wani irin tari da manyan masana kawai ke yi kafin su yi magana. Ba ya cika zance uku bai ce "siyantifik" ba, har manoman tattasai suka raɗa masa Mushe Siyantifik, mushe irin na Faransanci, wato malam. Ya ji sunan, ya ɗauke shi sarauta.

"Kakanninku sun yi noma da lalube," haka yake buɗe kowane taro. "Ni da kimiyya nake yi. Kimiyya ba ta kuskure, ni ne kuma wakilinta daga nan har Bosso."

An ce akwai wasu ƙananan masana, marasa tumbi, masu gwada abu su sake gwadawa, su kira abokan aiki su tona musu kuskure, in sun ga sun ɓata su faɗa. Wannan wahalar talakawan ilimi ce. Injiniyanmu ya wuce nan.

A daminar 1997 ya haifi abin da zai ceci kwarin Komadugu: wani farin gari da ya sa wa suna Haɗin Muhsinu. Akwai takin zamani a ciki, akwai kanwa, akwai kuma abu na uku. Da Maina, wani manomi mai yawan tambaya, ya nemi sanin na ukun, Injiniya ya dube shi ta saman tabarau.

"Sirrin kimiyya ne. Likita na gaya wa jaki abin da ke cikin allura?"

Aka zaɓi gonar Ba Gajere, wato Baba Gajere, don gwaji. Dattijo ne maras hayaniya, shekara arba'in yana dasa tattasai a wuri ɗaya, kuma injin ban ruwan da ke shayar da gonarsa aron proje ne. Injiniya ya ja igiya ya raba gonar biyu. Gabas aka barbaɗa garin, aka kafa allo mai sunansa da manyan baƙaƙe. Yamma aka bari yadda aka saba, da takin awaki, aka kafa ƙaramin allo: Gonar Shaida. A gaskiya tsarin ya yi kyau. Ko makaho ya san haka ake gwaji.

Sai dai tattasai bai je Turai ba. Da ruwa ya cika kogi, sanyi ya fara sauka, yamma ta yi ja kamar an zuba garwashi a cikin kore, rassa na sunkuyawa don nauyi. Gabas kuwa ganye ya ƙone ta baki-baki, 'ya'yan suka tsaya kamar yatsun jariri. Ga baƙi na tafe daga Yamai ranar Asabar.

Ƙaramin masani da ya zauna ya rubuta cewa garin bai yi ba. Babban masani ya san inda gyara yake. Ranar Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, motar proje ta tsaya a bakin gona. Injiniya ya naɗe hannun riga, ya tumɓuke allon gabas ya kai yamma, ya ɗauko na yamma ya kafa a gabas. Wannan ne aikin gona na farko da aka taɓa gani ya yi da hannunsa. Aka gani kuwa, don Ya Bintu, matar Gajere, tana bayan zana tana juya tattasan da ta shanya. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Asabar baƙi suka zo, suka tsaya a yamma, suka tafa.

"Ku dubi aikin kimiyya," in ji Injiniya. Ya nuna gabas da alƙalami. "Ku kuma dubi aikin jahilci. Daga baɗi, duk wanda bai zuba Haɗin Muhsinu a gonarsa gaba ɗaya ba, proje zai ɗauke injinsa."

Gajere ya koma gida bai ci abinci ba. Gona babu inji, busasshen fili ce. Gona da garin Injiniya, toka ce. Tattasan nan kuma shi ne hatsin gidansa na shekara.

"Malam, ka tashi ka faɗa wa Bulama mai gari," in ji Bintu. "Da idona na gan shi, yana nishi kamar mai cire turmi."

"Idonki da kwalinsa, wa za a ɗauka?"

"To sai mu ci allo?"

 Gajere ya jawo kwanon tuwo.

Da shekara ta zagayo aka fara dashe, ya kira Maina da maƙwabcinsu Modu. Ya ce kada su yarda da maganarsa, kada su yarda da ta Bintu, wataƙila ƙasarsa ce ke da laifi. Kowa ya ware kunya ɗaya a gonarsa ya barbaɗa ragowar garin bara, ya bar ta kusa da ita. Maina ƙasarsa laka, Modu tasa yashi-yashi. Mako uku, kunyoyin biyu suka ƙone iri ɗaya. Jahilai uku, ba alƙalami ko ɗaya a tsakaninsu, suka gama abin da ake kashe kuɗin jirgi a je koyo.

Buhunan proje suka iso. Kowa ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi godiya, ya kafa allon Haɗin Muhsinu a bakin gonarsa. Shekarar ta yi albarka. Injiniya ya zagaya gona-gona, ya ɗauki hoto da Gajere a tsakiyar jan tattasai, ya aika rahoto Yamai cewa ga manomi abin koyi, a bar masa injin har abada. Yamai ta sa hannu.

Ƙarya in ta daɗe a ɗaki, mai ɗakin take fara aura. Injiniya ya dubi hotunan nan har ya manta da wata Juma'a. Ya sayi fili babba a bakin kogi, ya dasa tattasai, ya zuba garin ninki biyu, don mai abu shi ya fi cancanta da albarkarsa. Fili ya yi fari fat. Ko akuya ta leƙa sai ta juya.

Wata safiya sai ga shi a ƙofar Gajere, a ƙasa, ba mota.

"Ba Gajere, tambaya ce ta bincike kawai. Mudu nawa kake zubawa a kowace kunya? Ina zaton ma'aikatana sun kuskure awo."

Gajere ya yi masa sannu da zuwa, ya ja shi zuwa rumfar bayan gida, ya ɗaga tabarma. Buhu goma sha biyu a jere, ɗinkin bakinsu ko zare ɗaya bai motsa ba.

"Ranka ya daɗe, mu ba mu da ilimin awo," in ji shi. "Yadda aka ga ka yi ran Juma'a, haka muka yi. Allon kawai muka zuba."