Faifai a Cikin Hula

Ni na cika wa direbobin doya na Lafia baki cewa zan saita musu rediyon oba-oba, ba sai sun kira injiniya ba. Na aro kwamfuta da wayar haɗi, na je Jos na karɓo faifan saitin. Faifan irin na da ne, fale-fale mai lanƙwasuwa, ya fi aljihuna faɗi, sai na ninka shi huɗu na cusa a hula don kada ya ɓace.

A gaban kowa na zaro shi, na miƙar a cinya. Kwamfuta ta yi gurnani ta ƙi karɓa.

Shugabansu, Baba Terna, ya ce, "Ɗana, ko a kawo maka dutsen guga?"

Injiniyan dai suka kira. Har yau in na shigo tasha sai wani ya danna rediyo: "A ɓoye lasisi, Mai Ninki ya iso, oba."