Turarena da Kifin Malam Tukur

Zuwa ga Mai Girma Manajan Darakta,
Kamfanin Hayar Shaguna na Sanyin Inuwa,
mai filazar da ke kan hanyar Kawo zuwa Mando,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci 'yar haya ta yi wa mai gida, ina fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, hancinka ma yana cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara girma, ya ƙara filazoji.

Sunana Harira Lawan. Ba ka san ni ba, kuma ban ga laifinka ba, domin a wurin ma'aikatanka ni ba Harira ba ce, Lamba Tara ce. Sau uku ina kai takarda ofishinku. Sau uku sakatariyarka tana karɓa da hannu biyu, ta buga mata hatimi, ta ce in je za a neme ni. Wata biyar ke nan ana nemana, ga ni kullum a shago daga safe har la'asar, amma Allah bai sa an gan ni ba. Shi ya sa na ce bari in rubuto a fili, ko wani mai karatu zai taimaka ya nuna muku inda nake.

Sana'ata haɗa turaren wuta da humra. Shekara huɗu ina yi a ɗakin baya na gidanmu da ke Unguwar Dosa, ina sayarwa ta waya. In ɗora hoto a sitatus, mace ta gani daga Abuja ko Gusau, ta turo kuɗi, in kai tasha a sa mata a mota. Ka duba wannan al'amari, Yallaɓai: mutum ya sayi ƙamshi bai shinshina ba. Ba kwalba suke saya ba, maganata suke saya. Idan Harira ta ce turare ya yi, to ya yi. Wannan sunan shi kaɗai na mallaka, kuma shi ne filazarka take cinyewa kaɗan-kaɗan ina ji ina gani. Da kwalabe suka cika ɗaki har ƙarƙashin gado, Innata kuma ta gaji da amsa sallamar baƙi tana tsakiyar tuƙin tuwo, sai na ce lokacin kama shago ya yi. Ga abin da na samu, na jera maka da lamba don kada in wahalar da kai.

1. Ina miƙa jinjina ga dillalinku, Malam Sharhabil, wanda kuma shi ne mai kula da filazar. Allah ya yi masa baiwar ɗaukar bidiyo. Ya turo mini shagon a waya: farin fenti, tayil yana ƙyalli, fanka tana juyawa, har da waƙa a ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Hajiya, mutum uku ne a kansa, ɗaya ma yana hanya daga Rigasa da kuɗinsa a hannu. Ni dai ke nake ji." Wannan bawan Allah na Rigasa har yau bai iso ba, Allah ya sa dai lafiya. A nan zan faɗi laifina da bakina, kada a ce na ɓoye. Ban je na gani ba. Na biya hayar shekara biyu, da ladan dillali, da na lauyan da ban taɓa ganin ƙeyarsa ba, duk daga kan tabarmar ɗakina. Ni da na saba mutane suna yarda da ni ta waya, sai na ɗauka haka duniya take, kowa abin da ya nuna shi ne. Na san komai game da hoto, na san inda ake tsayawa ƙaramar kwalba ta fito babba. Abu ɗaya na manta, wanda ya kamata in fi kowa sani a garin nan: waya ba ta ɗauko wari.

2. Bango. Ranka ya daɗe, a makarantar da injiniyanku ya yi, a ina bango yake ƙarewa? Ina tambaya ne don neman ilimi. Ashe Lamba Tara da Lamba Goma shago ɗaya ne aka raba da falankin katako, aka shafa masa fenti ya yi kamar siminti. Falankin bai kai silin ba, saura kamu biyu. A ƙasa ma bai taɓa tayil ba, yatsa uku suna shiga. A Lamba Goma kuwa akwai Malam Tukur, mutumin Funtuwa, dattijon kirki, mai sayar da ɗanyen kifi na kwali, da firiza huɗu. Ban taɓa jin kamfanin da ya damu da zumunci kamar naku ba. Iska ɗaya muke shaƙa ni da shi. Idan ya yi atishawa ina yi masa addu'a, ya amsa, ba tare da ɗayanmu ya tashi daga kujera ba.

Wataƙila ba ka san yadda ake turare ba, bari in ɗan yi maka bayani. Itacen turare ba ya zaɓe. Aikinsa ke nan ya sha abin da ke kusa da shi, shi ya sa muke jiƙa shi da mai, mu rufe sati shida ya tsumu, sannan mu baza a faranti ya sha iska kafin a ɗura a kwalba. To na baza nawa ya sha iska. Ya kuwa sha.

3. A takardar tallarku an rubuta "wuta ba yankewa." Na yarda, domin abin da bai zo ba ai ba ya yankewa. Janareton filaza kuma Malam Sharhabil ya ce yana wurin gyara, tun kafin azumi yake can, ina jin ya samu gida ya zauna. Duk ranar da aka kwana biyu ba wuta, ƙanƙarar Malam Tukur takan narke, ruwan ya biyo ta ƙarƙashin falanki ya shigo mini gaisuwa. Ruwa ne mai launi, mai tarihi, ga ƙudaje suna rakiya. Na sayi buhun yashi na tare, na sa tsumma, na sa tsohuwar darduma. Yanzu idan baƙuwa ta shigo, abin da take fara gani a shagon ƙamshi shi ne ni, na tattare zani, ina riƙe da abin goge ƙasa.

4. Ranar buɗe shago. Wannan kam dole in gode muku, don ba za a manta da ita ba a danginmu. Na buga kati na raba a waya, na yi cincin da zoɓo, Inna ta ɗauko leshinta na ƙasan akwati. Na gayyato limamin unguwarmu ya yi addu'a. Mata sun zo da ban taɓa ganin fuskarsu ba sai lambar waya, wata tun daga Zariya. Na kunna kasko uku. Liman ya ɗaga hannu ke nan sai ga motar kifi ta ja birki a ƙofa, aka fara sauke kwalaye ana jefawa. Ban taɓa jin addu'ar da aka gajarta kamar wannan ba. Ya shafa, ya ce yana da ɗaurin aure a Tudun Wada, ranar Talata da hantsi. Matan suka rufe hanci da bakin mayafi cikin ladabi, kowacce tana cewa mura take yi. Da muka koma gida, Inna ta ce in ba ta omo ta jiƙa leshinta.

5. Na kai kuka wurin Malam Sharhabil. Ya saurare ni da kyau, har yana girgiza kai, sannan ya ce, "Haba Hajiya, ke da kike da maganin abin a hannunki? Ai ke Allah ya kawo mana. Ki ƙara turaren kawai." Wato ashe ba haya aka ba ni ba, aiki aka ɗauke ni, ni ce kuma mai biyan albashin. Na bi shawararsa don kada a ce na raina manya. Na yi sati ina banka hayaƙi tun safe. Ranar Asabar sai ga Malam Tukur a ƙofata, hula a hannu, yana ta ba ni haƙuri kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce, "'Yata, don Allah ki sassauta. Masu tuwo-tuwo sun fara dawo mini da kaya. Wata ta ce miyarta ƙamshin ɗakin amarya take yi, masu ci sun gudu." Muka tsaya muna kallon juna, ni da dattijon nan, muka rasa wanda zai ba wani haƙuri. Ina taya kamfaninka murna, Yallaɓai. Ba kowa ba ne zai iya kashe sana'a biyu da falanki ɗaya.

Da na ce to a mayar da ni Lamba Sha Huɗu da ke sama, wanda yake rufe tun zuwana, sai aka buɗe mini yarjejeniya. Shafi tara ce, kuma na karanta ta yanzu fiye da yadda na karanta littafin jarrabawa. Ɗan haya ba zai canja shago ba. Ba zai ba wani haya ba. Ba zai taɓa gini ba, ko da ƙusa ce, sai da izinin kamfani a rubuce. Na nemi izinin in kawo kafinta da kuɗina ya ƙarasa falankin zuwa silin, aka ce wannan taɓa gini ne. Na tambaya ko ruwan kifi da ke ratsowa shi ma ya nemi izini a rubuce, aka ce in daina raha a ofis. A duk shafi taran nan ban ga layi ɗaya da ya ce kamfani zai yi wani abu ba, ban da karɓa.

6. Wannan na ƙarshe ba zan iya yi masa ado ba. Akwai wata Hajiya Hansai, ma'aikaciyar asibiti ce da ta yi ritaya, tana zaune a Malali. Ita ta fara sayen kwalbata ta farko, lokacin ko takardar suna ba ni da ita, da biro nake rubutawa a jikin murfi. Ita ta riƙa ba ƙawayenta lambata. 'Ya'yanta mata biyu ni na yi musu turaren aure. Watan jiya ta zo shago da kanta a kan na autarta. Na kawo mata kujera, na buɗe mata kwalbar da na fi ji da ita, na zuba a garwashi. Ta matso da hayaƙin da hannu, ta lumshe ido, ta daɗe. Sannan ta buɗe ido ta ce, "Harira, Allah ya sa albarka a wurin nan." Ta tambayi jikin Inna, ta tashi ta tafi. Ba ta yi ciniki ba, ba ta yi ƙorafi ba. Bayan sati biyu na ga hotunan kayan auren autar a waya, kwalabe jere da sunan wata mai turare a kansu.

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na rufe shago ranar, na zauna a kan bokiti na yi kuka, Malam Tukur yana jina ta saman falanki, sai ya kashe rediyonsa. Mace huɗu sun dawo da kaya a wata biyu. A shekara huɗun da na yi a ɗakin baya ko ɗaya ba a taɓa dawo mini da shi ba. Mata ba sa kai ƙara, Ranka ya daɗe, labari suke ba juna, kuma wayar da ta gina ni ita ce za ta kai labarin.

Ba na neman a mayar mini da ko sisi, na san wannan ba ya cikin tarbiyyar kamfani. Abu biyu ne, ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙi: ko a ba ni mabuɗin Lamba Sha Huɗu, ko a bar ni in gina bango na gaskiya. Malam Tukur ya ce in rubuta cewa zai ɗauki rabin kuɗin bulo.

Na san babban mutum ba ya yanke hukunci da jita-jita, kuma Malam Sharhabil ya gaya mini an rubuta maka rahoto cewa babu wani wari, mata ne da son ƙorafi. Don haka ina gayyatarka, cikin girmamawa, ranar Juma'ar nan da ƙarfe goma sha biyu. Ka zo da farar babbar rigarka, wadda ta sha guga. Zan shimfiɗa maka darduma sabuwa, in kawo ruwa mai sanyi, in turara ka da hannuna da mafi tsadar abin da nake da shi, kyauta. Rabin awa kawai za ka zauna. Daga nan ka wuce masallaci kai tsaye, ka shiga sahun gaba inda ka saba, kafaɗa da kafaɗa da manyan gari. Idan aka idar da salla na damanka da na hagunka ba wanda ya matsa, na janye wannan wasiƙa, kuma zan nemi gafararka a fili kamar yadda na rubuto a fili.

Allah ya ja zamaninka, ya kare mana kai, ya sa a yi ta kama shagunanka ta bidiyo har jikoki.

Taka mai biyayya, mai ladabi, mai jiran Juma'a,

Harira Lawan,
Lamba Tara.