Hankicin Likitan Mota

"Ni motar da zan kasa gane ciwonta, to ba a ƙera ta ba tukuna!"

Haka Na-Sani yake faɗa, yana bugun ƙirji, tun ranar da ya sayi wata 'yar na'ura da ake jonawa a mota ta nuna lambar matsala. Shi fa mai sayar da cajar waya ne, bai taɓa zama gareji ba ko na yini ɗaya. Amma har hankici ya bayar aka buga masa guda goma sha biyu, kowanne da rubutu ja: LIKITAN MOTA, BA MA KUSKURE. Allah Ya raba mu da sanin da ya wuce kai.

To, ranar da Auta, 'yar yayarsa, za a yi mata ganawar ɗaukar aiki da ƙarfe sha ɗaya, sai motar Yaya ta tashi da rigima. Fitilar inji ta kunnu, a taka totur sai ta yi nishi kamar tsohuwar da ta hau bene. Shekara biyu yarinyar nan tana neman aiki.

Yaya ta ce, "Bari in kira Baba Bakanike, ga shi nan bakin layi."

"Haba Yaya! Ina raye? Tsohon da ke sauraron inji da kunne kamar boka? Ba ni na wanke miki maƙogwaron injin nan makon jiya ba? Ku matsa."

Ya jona na'ura, ya gyara tabarau. Lamba ta fito, da bayani: bawul ɗin da ke buɗe wa iska hanya cikin bututun inji ya maƙale. Na-Sani ya karanta sau uku, bai san ko ta wane gefe bawul ɗin yake ba. Amma ya hango maɓallin gogewa. Ya danna. Fitila ta mutu.

"An sallami mara lafiya!"

Auta ta ce, "Kawu, ko bonet ba ka buɗe ba."

"Aikin zamani ke nan, 'yata. Sai jahili ke ɓata hannu."

Ko kwanar layi ba su kai ba fitila ta dawo, tana hararar su. Suka lallaɓo gida. Ya sake gogewa, ta sake dawowa. Kamar mai share ruwan ɗaki alhali rufi na yoyo.

Ƙarfe tara da rabi. Gumi ya fara tsattsafo wa likita. Ya buɗe bonet, ya ce fulogi ne. Ya zare wayoyin duka huɗu a lokaci guda, ya manta wacce ke ina, ya mayar yadda zuciyarsa ta raya masa. Da aka tayar, mota ta yi "tas! tas!" har kajin maƙwabta suka watse.

"Kun ji? Ciwon ne ke fita."

"Ciwon ne ke fita ko motar ce ke cikawa?" in ji Yaya.

Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Daga ƙarshe ya miƙe, ya yi fuskar masu ta'aziyya. "Yaya, sai haƙuri. Ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu. Wani ɗan koyo ya yi mata ta'asa. Duk wanda ya taɓa injin nan ƙarshe, bai cancanci riƙe ko cokali ba."

Auta ta kalli agogo, idonta ya kawo ruwa. Yaya ta zura takalmi, ta dawo da Baba Bakanike.

Tsoho ya yi bismilla, ya mayar da wayoyi kowace gidanta. Ya karɓi na'urar ya duba.

"Ai na'urarka gaskiya ta faɗa, ɗana. Ta ce ƙofa ta maƙale. Kai kuma maimakon ka duba ƙofar, sai ka toshe wa mai faɗa baki."

Ya kwance babban tiyon iska, ya cire maƙogwaro, ya haska toci. Ya zura dogon filaya, ya jawo a hankali. Wani baƙin tsumma ya biyo, ya sha mai, ya sha hayaƙi.

"Ga ɓarawon. Wani ya toshe bututu da shi lokacin wanki, ya manta, inji ya zuƙe, ya naɗe wa bawul."

"Kun ji ko!" Na-Sani ya yi tsalle. "Ban ce aikin ɗan koyo ba ne? A nemo shi! Irin waɗannan ke zubar mana da mutuncin sana'a!"

Baba ya ɗaure komai, aka tayar. Mota ta ɗauka lafiya lau, fitila ta yi barci. Ƙarfe goma da kwata, Alhamdulillahi, akwai sauran lokaci. Auta ta faɗa ciki tana gyara mayafi.

Sai Baba ya warware tsumman, ya shimfiɗa a kan bonet, ya kankance ido.

"Auta, idona ya tsufa. Kafin ku tafi, karanta mana jan rubutun nan."

Ta leƙo ta taga, ta karanta da ƙarfi, har masu shago suka ji: "Likitan Mota, ba ma kuskure."

Baba ya ninke hankicin da ladabi, ya sa wa Na-Sani a aljihun gaba.

"Riƙe, likita. An cire wa mara lafiya kai daga ciki, yanzu ta warke."