Minjirya da Kwanonin Matata

Allah ne shaida, da ilimi na yi abin nan. Surukina masunci ya kawo mana minjirya mai rai, kifin nan mai jan mutum kamar kuran, wato wutar lantarki. Ni kuwa mai gyaran batir ne a tashar Gaya, sai na ce kowa ya matsa.

Na ce wa surukin nawa, "Baba, in ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wuta rabuwa take, ba ta ƙaruwa."

Na jera kwanonin matata suna taɓa juna, kifin a na farko, don kowane ya ɗauki rabonsa. Na tsoma hannu ina murmushi.

Kifin ya tattara rabon duka ya ba ni. Ihuna, in ji matata, har Malanville da ke ƙetaren kogi an ji.

Yanzu ko fura zan sha, sai Baba ya ce, "Ku ƙaro masa kwanoni."