Yadda Muka Kayar Da Sarkin Tumbi Muka Samu Hatimi

Jiya Alhamis na karya dokar da na kafa da bakina, kuma a gaban hukuma na karya ta. Ku saurare ni tukuna kafin ku ce wace irin uwa ce wannan.

Wata uku ke nan da na hana gem ɗin resilin a gidana. Baban yara ne ya shigo da shi, wai na tsofaffin 'yan kokawar nan ne da suke kallo a kaset suna yara, masu ɗamammen kamfai da gashi har kafaɗa. Rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran ko matakala ba sa iya hawa, amma a cikin gem ga su nan ɓul-ɓul suna tsalle daga kan igiya. Na zuba ido, har ranar da na shigo daga shanya na tarar da babbar 'yata, wadda muke kira Walƙiya, 'yar shekara shida, ta danne ƙanwarta a kan katifa tana ƙirga, "Ɗaya! Biyu!" Ban bari ta kai uku ba. Na naɗe abin dannawar da igiyarsa na cusa a ƙasan akwatin zannuwan gado, na ce muddin ina numfashi ba mai sake taɓa shi.

To, makarantar da nake nema wa Walƙiya ƙarfe biyun jiya za ta rufe ɗaukar yara, kuma takardarta saura abu ɗaya: hatimin ofishin da ke shaida cewa a unguwar muke zaune. Kwana uku ina sintiri. Baban yara yana layin mai tun da gari ya waye, ya bugo ya ce an samu ci gaba, yanzu yana iya hango kwanon gidan man. Sai na miƙa ƙaramar wajen maƙwabciyata mai ɗinki.

"Maman Walƙiya, yau ma ofishin? Ki tafi da matashin kai mana."

"Ai sun ce tunda aka kawo kwamfuta, minti biyar an sallami mutum."

"Wa ya ce?"

"Mai Girma shugaban ofishin, ranar da ya yanke kirtanin ƙaddamar da ita."

"Ranar ma ai minti biyar ya ce zai yi jawabi. Riga biyu na ɗinka kafin ya kai ga gaishe da manyan baƙi."

Ni da Walƙiya mun isa mun tarar da benci cike. Mai gadi yana tsaye a ƙofa yana rabon amsar da yake rabawa tun Litinin: "Babu netwok, a ƙara haƙuri." Janareto kuwa sai ruri yake a bayan gini, yana shan man da mijina ke hange daga nesa. Muka zauna. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Ɗaya da kwata sai ga ƙarar ƙararrawa daga ciki, da ihun jama'a kamar an buɗe kasuwa. Walƙiya ta miƙe zumbur.

"Mama, Sarkin Tumbi ne na gem ɗinmu! Kiɗan shigowarsa ke nan!"

Ni mace ce mai bin layi. Ko a asibiti ban taɓa tsallake kowa ba. Amma na kama hannun yarinyata na bi ta ƙarƙashin hammatar mai gadi na tura ƙofa.

Ga Mai Girma Babban Mai Riƙon Hatimi, Allah ya ƙara masa lafiyar yatsu. Hula a kan tebur, hannun riga a naɗe, harshe a ɗan waje. Kwamfutar da aka ce za ta kawo ƙarshen layi tana gabansa, ƙarti biyu a cikinta suna zagaye juna. Mataimaki na Musamman yana masa fifita da fayil ɗin wani bawan Allah. Sakatare yana riƙe da ruwan sanyi.

"Yallaɓai, takardar yarinya ce, ƙarfe biyu za a—"

"Baiwar Allah, ba ki ga ina tsakiyar aiki ba?"

Sakatare ya matso ya raɗa mini: "Tun Litinin yake neman kambun nan. Ya rantse hannunsa ba zai taɓa hatimi ba sai ya kayar da Sarkin Tumbi. Kada ki ce ni na faɗa."

Na kalli wasan. Yallaɓai ya zaɓi wani dattijo mai farin gemu, wai shi ne babba a cikinsu, kuma a ofis ba a tsallake na gaba. Dattijon sai ya juya wa abokin karawarsa baya, ya ɗaga wa 'yan kallo hannu biyu yana murmushi. Sarkin Tumbi ya zo ya maka masa kujera a ƙeya. Ya tashi, ya sake ɗaga hannu. Aka sake maka masa.

"Saura ƙiris, ranka ya daɗe!" in ji Mataimaki. "Ya gaji da dukanka, dubi yadda yake haki!"

Walƙiya ta leƙa ta gefen tebur. "Baba, ba wannan ake dannawa ba. Wannan na gaishe da jama'a ne. Na duka shi ne na ƙasa."

Kwana huɗu, jama'a! Kwana huɗu bawan Allah yana ɗaga wa jama'a hannu ana jibgarsa ta baya, kuma duk masu cin albashi a ɗakin ba wanda ya iya gaya masa.

Yallaɓai ya dubi yarinyar, ya dubi Sarkin Tumbi, ya yi gyaran murya. "Za mu iya ba ta dama. Cikin shirinmu na tallafa wa matasa."

Agogon bango ya ce ɗaya da rabi. Walƙiya ta ɓoye hannuwanta a baya ta ɗago ido.

"Mama, kin ce muddin kina numfashi."

"Na ce. Karɓi, zan riƙe numfashin."

Ban san lokacin da na ajiye jaka ba. Dattijon nan a hannun 'yata ya koma ɗan shekara ashirin. Ya sunkuya, ya sure Sarkin Tumbi, ya nana shi da ƙasa, ya haye igiya ya diro masa a ciki. Sai na ji wata mata tana ihu, "Danne shi! Kai alƙali, ƙirga mana, me kake jira?" Ashe ni ce. Ni na ƙirga ukun da kaina, ina dukan teburin hukuma.

"Allah ya ja zamanin Yallaɓai!" in ji Mataimaki. "Nasara ta tarihi!"

Mai Girma ya mayar da hula, ya ce wannan somin-taɓi ne daga abin da jagorancinsa zai kawo. Ya jawo aljihun tebur ya fito da hatimi. Tawada ta bushe. Ya hura masa hucin baki sau biyu, ya danna da dukan ƙarfinsa, rabin tambarin ya fito. Na ce rabi ya ishe mu. Biyu saura minti biyar muka faɗa ofishin makaranta, takalmina ɗaya a hannu. Sun karɓa. Litinin Walƙiya za ta fara aji ɗaya.

Ni fa ban ga laifin Yallaɓai da yake ƙaunar tsofaffin nan ba. Ba sa ritaya, ba sa jin kunya. A kayar da mutum yau, gobe ya sauya kamfai ya dawo, ya karɓi makirufo ya rantse wannan karon sai ya gyara kowa. Dole ya ji kamar 'yan uwa ya gani.

Da muka koma gida na buɗe akwatin zannuwa na fito da abin dannawar. Sabuwar doka: rabin awa kullum, bayan an gama aikin makaranta, kuma ƙanwa ba abin gwaji ba ce. Baban yara, da ya dawo da babur a ture, ya tsaya yana kallona kamar an sauya masa mata. Na ce masa ba wasa ba ne, tanadi ne. Nan da shekara huɗu ƙaramar ma za ta buƙaci hatimi, kuma Sakatare ya tabbatar mini Yallaɓai ba shi da niyyar saukowa daga kan igiya.